Ɓarayin Murya: Yadda Ake Sace Bakin Kafofin Labarai A Lokacin Yaƙi

A ranar Talata 23 ga watan Afrilu na shekarar 2013, da misalin ƙarfe 1 da minti 7 na rana agogon birnin Washinton, wani ɗan gajeren labari ya fito a shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na Associated Press, wanda aka fi sani da AP. Labarin ya ce wai abubuwa sun fashe har sau biyu a Fadar White House, kuma Shugaban Amurka na wannan lokaci, Barack Obama, ya ji rauni. Kwana 8 ke nan kacal da tashin bama-bamai a wurin gasar gudun famfalaƙi ta birnin Boston, sabo da haka dama zukatan jama'a a tsorace suke.

Mutane kusan miliyan 2 ne suke bin wannan shafi. Cikin 'yan mintoci kaɗan darajar hannayen jari a kasuwar New York ta zube da kimanin dala miliyan dubu 136. Sai da kamfanin AP ya ba da sanarwa cewa sace shafinsa aka yi, kana kakakin Fadar, Jay Carney, ya shaida wa manema labarai cewa Shugaba yana nan lafiya lau, sannan hankali ya kwanta, kasuwa ta koma yadda take. Wata ƙungiya mai goyon bayan Shugaba Bashar al-Assad a yaƙin basasar Siriya ita ce ta fito ta ce aikinta ne.

Da a ce wani mutum ne da ba a san shi ba ya rubuta wannan magana a shafinsa, da babu wanda zai ko waiwaye ta. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne sunan da ta fito a ƙarƙashinsa, sunan kamfanin da tun shekarar 1846 yake tara amana a wurin jama'a. Wannan amana ita ce masu kutse suke bi su sata.

Mai karatu yana iya tambaya, to ina ruwan mutumin Gwashi a Ƙaramar Hukumar Bukkuyum, ko na Anka, ko na Gummi, da kasuwar hannayen jari ta New York? Amsa ita ce, a can kuɗi ne suka zube kuma suka dawo kafin la'asar, alhali kuwa a yammacin Jihar Zamfara, inda aka yi shekaru ana fama da 'yan bindiga, labari ɗaya shi ne yake sa magidanci ya kwashe iyalinsa ya bar gari ko kuwa ya kwana a gida. Wanda ya iya aron bakin gidan rediyon da jama'a suka amince da shi ya riƙe makami a irin wannan wuri.

TSOHUWAR DABARA

Satar murya ta girmi kwamfuta da intanet nesa ba kusa ba. A daren 31 ga watan Agusta, 1939, waɗansu dakarun Jamus na ƙungiyar SS a ƙarƙashin Alfred Naujocks suka yi shigar burtu kamar mutanen Folan, suka auka wa gidan rediyon garin Gleiwitz wanda yake cikin Jamus a wannan zamani, suka watsa jawabin ƙin jinin Jamus da harshen Folan. Kashegari Hitila ya tura sojojinsa cikin Folan, kuma wannan hari na ƙarya yana cikin dalilan da aka kafa hujja da su. Da haka Yaƙin Duniya na Biyu ya soma.

A ƙasar nan ma an daɗe da sanin darajar gidan rediyo a ranar tashin hankali. Ran 15 ga watan Janairu, 1966, daga gidan rediyon Kaduna ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabinsa. Ran 13 ga watan Fabrairu, 1976, watau ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed, Laftana-Kanar Buka Suka Dimka ya kama gidan rediyon Nijeriya da ke Ikoyi a Ikko ya ce gwamnati ta faɗi, har sai da aka aika da soja a ƙarƙashin Kanar Ibrahim Babangida aka ƙwato gidan.

Wanda ya fi shafar mutanen wannan yanki kai tsaye shi ne na ran 22 ga watan Afrilu, 1990. A wannan rana Manjo Gideon Orkar ya kama gidan rediyon Tarayya a Ikko, ya ba da sanarwar cewa an cire jihohi 5 daga Nijeriya, watau Sakkwato da Barno da Katsina da Kano da Bauchi. A lokacin ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, don sai ran 1 ga watan Oktoba, 1996 aka yanke ta daga Sakkwato. Ashe ke nan har tsawon waɗansu sa'o'i mutanen Anka da Gummi da Gwashi sun wayi gari an ce musu su ba 'yan Nijeriya ba ne, kuma da muryar gidan rediyon gwamnatinsu aka faɗa musu.

A waɗancan shekaru sai an tara soja da bindigogi da motoci kafin a kama gidan rediyo, kuma mai yin haka ya san ya sa wuyansa a igiya. Yanzu kuwa kowace jarida da kowane gidan rediyo da telebijin yana da shafi a Facebook da X, watau Twitter ta da, da YouTube, kuma abin da ke tsare ƙofar shafin bai wuce 'yan haruffan kalmar sirri ba. Yaro ɗaya da kwamfuta a wata ƙasa mai nisa yana iya yin abin da a da sai runduna.

RUNDUNAR SIRIYA TA INTANET

Ƙungiyar da ta yi wa AP wannan aika-aika ta kira kanta Rundunar Siriya ta Intanet, an kuma fi saninta da haruffan SEA. Ta ɓullo ne a shekarar 2011, shekarar da aka fara tarzoma a Siriya, kuma a cikin watan Yuni na wannan shekara Shugaba Assad ya yaba wa matasan da ke yi masa yaƙi ta intanet a wani jawabi da ya yi a Jami'ar Dimashƙu. Ƙorafin ƙungiyar shi ne wai kafofin labarai na ƙasashen Turai da Amurka da na waɗansu ƙasashen Larabawa suna nuna son kai ga 'yan tawaye.

Tun kafin harin AP an riga an ga alamun abin da ke tafe. A watan Agusta na 2012, ana tsakiyar gumurzu a birnin Halab, masu kutse suka shiga wani sashe na shafin kamfanin dillancin labarai na Reuters suka buga hira ta ƙarya da shugaban mayaƙan 'yan tawaye, Riad al-Asaad, wai ya ce mutanensa suna ja da baya. A cikin wannan wata dai aka sake shiga aka buga cewa Ministan Harkokin Wajen Saudiyya, Yarima Saud al-Faisal, ya rasu, alhali kuwa sai a shekarar 2015 ya riga mu gidan gaskiya. A watan Satumba na 2012 aka shiga hanyar da gidan telebijin na Aljazira yake aika wa mutane labarai ta wayar hannu, aka aika da labarin ƙarya cewa an yi yunƙurin kashe Firayim Ministan Ƙatar.

Shekarar 2013 ita ce shekarar da ƙungiyar ta fi cin karenta babu babbaka. A watan Maris ta kama waɗansu shafukan BBC, ciki har da na hasashen yanayi. A watan Afrilu ta shiga na gidan rediyon NPR da na telebijin na CBS a Amurka da na jaridar Guardian ta Ingila. A watan Mayu ta kai ga jaridar Financial Times. Ran 27 ga watan Agusta kuwa ta bi ta wani kamfanin ƙasar Ostareliya mai rajistar adireshin intanet ta karkatar da masu neman shafin jaridar New York Times zuwa wani wuri dabam.

A watan Maris na 2016 Gwamnatin Amurka ta bayyana tuhumar da take yi wa mutum 3, watau Ahmad Umar Agha da Firas Dardar da Peter Romar, kuma hukumar FBI ta sa ladan dala 100,000 a kan kowane ɗaya daga cikin biyun farko. Romar, wanda yake zaune a Jamus, an miƙa shi ga Amurka kuma ya amsa laifinsa a wannan shekara. Ita kanta gwamnatin Assad ta faɗi ran 8 ga watan Disamba, 2024, amma dabarar da aka koya a zamaninta ta riga ta bazu a duniya.

YADDA AKE SHIGA

Abin mamaki shi ne yawancin waɗannan hare-hare ba su buƙaci wata gagarumar fasaha ba. Da yaudara aka shiga, ma'aikaci da hannunsa ya miƙa mabuɗi. Ƙasa da awa ɗaya kafin a sace shafin AP, ma'aikatansa sun sami wata wasiƙar imel wadda ta yi kama da ta abokin aikinsu, tana roƙonsu su duba wani labari.

Jaridar barkwanci ta The Onion, wadda ita ma aka yi mata kutse a watan Mayu na 2013, ta bayyana wa duniya dalla-dalla yadda abin ya auku. Da farko an aiko wa waɗansu ma'aikatanta wasiƙa mai ɗauke da adireshin da ya yi kama da na wani labari a jaridar Washington Post. Duk wanda ya latsa sai a kai shi wani shafi na jabu mai kama da na Google, a ce ya rubuta kalmarsa ta sirri. Da mutum ɗaya ya faɗa tarko, sai ɓarayin suka yi amfani da akwatin wasiƙunsa suka aika wa sauran, su kuwa da suka ga sunan wanda suka sani ba su yi shakka ba. Da hukumar jaridar ta farga ta umarci kowa ya sake kalmar sirri, sai ɓarayin suka kwaikwayi wannan umarni suka aika da nasu mai ɗauke da wani sabon tarko, suka daɗa kama waɗansu.

Wata ɗaya bayan abin da ya sami AP, a watan Mayu na 2013, kamfanin Twitter ya fito da tsarin makulli biyu, watau bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba da ake aiko wa mai shafin a wayarsa kafin ƙofa ta buɗe.

ƘATAR DA FARANSA DA YUKIREN

Ran 8 ga watan Afrilu, 2015, gidan telebijin na TV5Monde na Faransa, wanda ake kallo a Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya ɗauke baki ɗaya, kuma aka cika shafukansa na Facebook da Twitter da saƙonni da sunan ƙungiyar ISIS. Da masu bincike suka bi sawu sai suka tarar da hannun wata ƙungiyar kutse da ake kira APT28, kuma a watan Afrilu na 2025 Gwamnatin Faransa ta fito fili ta ɗora alhakin a kan hukumar leƙen asirin sojan Rasha. Darasin da ke nan shi ne, sunan da mai kutse ya bari a wurin ɓarna shi ma yana iya zama ƙarya, don a jefa laifi a kan wani.

Ran 24 ga watan Mayu, 2017, aka shiga shafukan kamfanin dillancin labarai na gwamnatin Ƙatar aka buga waɗansu maganganu game da Iran da Isra'ila da ƙungiyar Hamas, aka ce Sarki Tamim bin Hamad Al Thani ne ya faɗe su. Nan da nan Ƙatar ta ce kutse aka yi mata, amma gidajen telebijin na maƙwabta suka ci gaba da yayata maganganun. Ran 5 ga watan Yuni, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, suka rufe mata hanyoyin ƙasa da na sama da na ruwa. Rashin jituwar ya daɗe yana cin su a ciki, amma wannan labari shi ne ya zama ashanar da ta kunna wutar, kuma ba a sasanta ba sai a taron Al-Ula ran 5 ga watan Janairu, 2021.

Yaƙin Rasha da Yukiren ya zo da wani sabon salo. Ran 16 ga watan Maris, 2022, aka yi kutse a gidan telebijin na Ukraine 24 aka sa rubutu a ƙasan allo cewa Shugaba Zelensky ya umarci soja su ajiye makamai, aka kuma saki hoton bidiyo na jabu wanda kwamfuta ta kwaikwayi fuskarsa da muryarsa. Sai da ya fito da kansa ya ƙaryata. Ran 5 ga watan Yuni, 2023, aka rama wa kura aniyarta: waɗansu gidajen rediyo a yankunan Rasha na bakin iyaka suka watsa jawabi da murya irin ta Shugaba Putin cewa an kafa dokar soja, jama'a su yi ƙaura, har Fadar Kremlin ta fito ta ce kutse ne.

A GIDA NIJERIYA

Ƙasar nan ma ta ɗanɗana. Ran 16 ga watan Oktoba, 2020, ana tsakiyar zanga-zangar neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, masu kutse da suka kira kansu Anonymous suka kama shafin Twitter na Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Telebijin ta Ƙasa, watau NBC, suka riƙa buga saƙonnin goyon bayan masu zanga-zanga. Hukumar da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan bakin kowa ita ce aka ari bakinta aka ci mata albasa.

Game da irin ɓarnar da ƙarya take yi a wurin da ake zaman ɗar-ɗar kuwa, Jihar Filato ta isa misali. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hare-hare a gundumar Gashish, waɗansu hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook ana cewa daga can aka ɗauko su. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya nuna cewa ɗaya daga cikinsu tsohon hoton bidiyo ne daga Kwango Barazabil. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya, inda aka tare hanya ran 24 ga watan Yuni aka fizgo mutum 11 daga motoci aka kashe. Waɗannan hotuna daga shafukan mutane ne kawai suka fito. Sai a auna abin da zai faru da a ce tambarin wani babban gidan rediyo ne a kansu.

Daɗin daɗawa, ba kullum ne ɓarawo yake wahalar da kansa da fasa shafi ba. Sau da yawa sai ya ɗauki tambarin kafar labarai ya manna a kan nasa rubutu ko bidiyo. An yi wa BBC da CNN haka gab da zaɓen Kenya na 2017, an kuma sake yi wa BBC a watan Afrilu na 2022 a kan harin tashar jirgin ƙasa ta Kramatorsk a Yukiren.

HALIN DA YAMMACIN ZAMFARA YAKE CIKI

Bahaushe ya daɗe da riƙon rediyo da amana. BBC ta soma watsa shirye-shirye da Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, Muryar Jamus ta bi baya da Hausa a 1963. Sama da shekara 60 ke nan manomi yana rataye da akwatinsa a gona, kuma in aka ce an faɗa a rediyo to gardama ta ƙare. Wannan amana ce ta biyo sunayen gidajen zuwa cikin wayar hannu. A ƙauye ba kowa ne yake da babbar waya ba, sabo da haka mutum ɗaya ne yake karantawa a majalisa ko a tasha ko a bakin kasuwa, sauran su ɗauka su kai gida, wani kuma ya naɗi murya ya tura ta WhatsApp. Kafin labari ya je Nasarawar Burkullu daga Gwashi, ko Daki Takwas daga Gummi, babu sauran mai iya cewa ga inda ya samo asali.

Bugu da ƙari, a wannan yanki ko labarin gaskiya ma da wuya a same shi cikakke a ranar farko. Lokacin da aka sace 'yan mata a makarantar Jangebe ta Ƙaramar Hukumar Talata Mafara ran 26 ga watan Fabrairu, 2021, an fara cewa su 317 ne, amma da aka sako su ran 2 ga watan Maris sai gwamnati ta ce 279 ne. Haka nan bayan hare-haren da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum daga ran 4 zuwa 6 ga watan Janairu, 2022, mazauna wurin sun shaida wa manema labarai cewa mutum wajen 200 aka kashe, gwamnatin jiha kuwa ta ce 58 ne. Inda ake samun irin wannan tazara, jama'a kan jira su ji abin da kafar da suka yarda da ita za ta ce, kuma nan ne ɓarawon murya yake samun kasuwa.

Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a ga haɗarin. Saƙon ƙarya da sunan amintacciyar kafa cewa an janye soja daga wani gari ya isa ya watse da garin, a bar amfanin gona a fili. Saƙon da ya ce an yi sulhu hanya ta buɗe yana iya tura 'yan kasuwa cikin kwanton ɓauna. Mafi muni shi ne wanda zai ce wata ƙabila ce ko wani ƙauye ne ya kai wani hari, don kuwa ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani tana cikin abubuwan da suka hura wutar wannan rikici tun farko.

RUFE BAKI BA YA KASHE JITA-JITA

Hukumomi sun gwada toshe hanyoyin sadarwa domin tsaro. Ran 3 ga watan Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a Jihar Zamfara baki ɗaya, bisa roƙon gwamnatin jiha, don a hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. An mayar wa Gusau da layi a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. A tsawon wannan lokaci mai son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha, kuma ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman agaji.

A tsakiyar watan Oktoba na 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi sabo da ƙaruwar hare-hare, ta kuma dakatar da tarurrukan siyasa. Ran 15 ga watan ta sa aka rufe waɗansu kafofin labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM da Gamji, bisa laifin ɗaukar wani taron jam'iyyar adawa. Hukumar NBC ta ce wannan mataki ya saɓa wa doka, kuma bayan 'yan kwanaki gwamnati ta janye shi ta nemi afuwa.

Ko da wace niyya aka yi, duk ranar da aka rufe bakin kafar da aka sani, jama'a ba su daina neman labari ba, sai dai su koma ga wanda ba shi da suna ba shi da adireshi. Kuma da wace murya za a ƙaryata labarin jabu in an kashe ta gaskiya?

ABIN DA YA KAMATA A YI

Nauyi na farko yana kan ma'aikatan gwamnati, musamman jami'an watsa labarai na ma'aikatu da na ƙananan hukumomi, da editocin gidajen rediyo da jaridu. Shafin hukuma dukiyar hukuma ce, daidai da hatiminta. Bai kamata a buɗe shi da lambar wayar wani yaron ofis ko imel ɗin wani ɗan siyasa ba. Lalle ne a ajiye rajistar duk wanda yake da mabuɗi, kuma ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya a sake kalmar sirri a ranar. Tilas ne a sa makulli biyu, kuma wanda yake aiki da manhaja ta musamman ya fi na saƙon tes tsaro, don kuwa ɓarayi sukan yaudari kamfanin waya su karɓi layin mutum. Kada ma'aikaci ya rubuta kalmar sirri a shafin da wata wasiƙa ta kai shi, ko da sunan Babban Sakatare ne a kanta, sai ya kira shi ya ji daga bakinsa.

Har ila yau ya kamata kowace kafa ta shirya tun kafin ranar ta zo: wa za a kira, wa zai rubuta sanarwa, kuma ta wace hanya za a shaida wa jama'a. Gidan rediyon da aka sace shafinsa ya faɗa a iska nan take da Hausa da Fulatanci, ya maimaita a kowane labarai. Ɓoye abin don gudun kunya shi ne yake ba ƙaryar lokacin yin tafiya. Akwai kuma doka, watau Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, da ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Amfaninta zai fi fitowa in an juya ta kan masu kutse, maimakon manema labarai waɗanda sau da yawa aka gurfanar a ƙarƙashin sashe na 24.

Nauyi na biyu yana kan ɗalibai, don su ne idon iyayensu a wannan zamani. Hoton shafi da aka turo ta WhatsApp ba shaida ba ne, sai an je shafin kafar na ainihi an gani, an kuma saurari labaranta na rediyo. Babban labari ba ya tsayawa a wuri ɗaya, in har gaskiya ne za a ji shi a waɗansu kafofin cikin ɗan lokaci. A lura kuma da salon magana. Waɗanda suka san aikin AP sun yi shakkar saƙon 2013 tun da farko, sabo da an ambaci sunan Obama gaba-gaɗi ba tare da muƙaminsa ba, abin da ya saɓa wa ƙa'idar rubutun kamfanin.

Akwai bambanci kuma tsakanin labarin da yake cewa a yi hattara da wanda yake cewa a ɗauki makami. In gargaɗin hari ne, babu laifi a kintsa a kuma kira mai gari ko hakimi ko wani da yake can wurin da aka ambata, don in kunne ya ji jiki ya tsira. Amma saƙon da yake nuna wasu mutane da yatsa yana neman a far musu, ko da tambarin wa ya zo, wajibi ne a riƙe shi kada a tura gaba har sai an tabbatar. Wanda ya gudu a kan labarin ƙarya zai dawo gida ya tarar da ɗakinsa. Ran da aka ɗauka a kan labarin ƙarya kuwa ba shi dawowa.

A zamanin juyin mulki an saba ganin soja a ƙofar gidan rediyo dare da rana. Ƙofar yanzu tana cikin aljihun ma'aikaci, kuma tsaronta ya rataya a wuyansa. Allah Ya kawo wa Zamfara da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya, amin.